Wai me ya sa Turawan Ingila suka sayar wa 'yan gwangwan jirgin Warspite?

Dan_Unguwar_Rimi:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu bin tarihin yaƙe-yaƙe. Akwai wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila wai shi Warspite, na ji an ce ya yi yaƙin duniya na ɗaya ya yi na biyu, amma ƙarshe sai aka sayar aka daddatsa shi kamar tsohuwar mota a Panteka. Da gaske ne? In haka ne meye dalili, ko ba su san darajar kayan tarihi ba ne?

Malam_Kawo:
Wa alaikumus salam ƙanina. Da gaske ne, amma ka fara jin irin dukan da ya sha tukuna. A 1913 aka saka shi a ruwa, ka ga tun kafin Lugga ya haɗe Kudu da Arewa kenan, ya fara aiki 1915 da manyan igwa takwas masu bakin inci 15, kuma da mai yake tafiya ba kwal ba, lokacin sabon abu ne. A yaƙin Jutland na 1916 sitiyarinsa ya cije yana tsakiyar wuta, ya dinga zagaye a gaban jiragen Jamus har sau biyu suna ta ɗirka masa harsashi, ya dai lallaɓa ya koma gida, kuma wannan ciwon sitiyarin bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Yaƙi na biyu kuwa ba inda bai je ba, Narvik a Norwe 1940, sai Bahar Rum inda harsashinsa ya samu jirgin Italiya Giulio Cesare daga nisan kusan kilomita 24, a tsibirin Kirit bam ya same shi 1941 sai da aka kai shi Amurka gyara. Mafi muni shi ne na Salerno 1943, Jamusawa suka sako masa wani bam da ake juya shi da rediyo, ya huda shi tun daga sama har ƙasa, da kankare aka toshe ramin, igwa biyu daga cikin takwas ɗin ba su sake aiki ba. A haka ya je Normandi 1944 ya yi ruwan wuta, bayan 'yan kwanaki kuma ya taka nakiya. To ka faɗa min me ya rage a jikinsa.

Hajiyar_Barnawa:
Malam duk na yarda, amma ni ban ga uzuri ba gaskiya. Amurka ai ta ajiye jirginta Texas wanda sa'ansa ne, Japan ma da aka ci ta da yaƙi tana da jirginta Mikasa har yau mutane na zuwa kallo. Ingila ko ɗaya ba ta bari ba cikin irin waɗannan manyan, jirgin Belfast ɗin da ke Landan ƙarami ne a kansu.

Malam_Kawo:
Hajiya kuɗi ne. Sun fito yaƙi da bashi har wuya, abinci ma da kati ake rabawa, ga ƙarfe ana nema ruwa a jallo. An yi maganar a mai da shi gidan tarihi, hukumar sojan ruwa ta ƙi.

Injiniya_Kakuri:
Ku kun bar wajen daɗin labarin 😂 Jirgin fa bai isa wajen masu yankan ba. Afrilun 1947 ana jan shi daga Portsmouth za a kai shi Sikotlan, guguwa ta taso igiya ta tsinke, ya je ya kafe a kan duwatsu a Prussia Cove can gaɓar Cornwall ta Ingila. Aka yi aka yi ya ƙi tashi, sai 1950 aka samu aka ɗan matsar da shi kusa da Marazion, dole masu kwangilar suka kwaso kayan aikinsu suka zo suka same shi a nan, shekara da shekaru suna yanka kaɗan-kaɗan. Ina jin wanda ya saya ɗin nan sai da ya yi da-na-sani.

Dan_Unguwar_Rimi:
Kai! Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Injiniya to su waɗanda ke cikin jirgin daren guguwar fa, sun tsira?

Injiniya_Kakuri:
Sun tsira, mutum takwas ne kawai a ciki, kwale-kwalen ceto na Penlee ya je ya kwaso su.