In ƙarin manhaja ya rikita maka WordPress

Jiya da la'asar mun zauna da samari masu haɗa wa 'yan kasuwa shafukan intanet da manhajar WordPress a nan Garwa, ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda: kafin ka ɗora sabon ƙari, wato plugin, ƙaramar manhajar da ke ƙara wa WordPress wani aiki, ajiye kwafin shafin da rumbun bayanansa. Ni ganau ne. An taɓa ɗauke wuta ina tsakiyar sabuntawa, na kwana ina gyara.

Inda aka fi daɗewa shi ne farin allo, shafi ya buɗe fayau ba ko harafi. Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Ƙanena, kada ka goge komai." Ka shiga cPanel, wato wurin sarrafa fayilolin shafin, ka nemi jakar wp-content, ka sauya wa jakar plugins da ke cikinta suna; in ƙari ne sanadi, shafin zai farfaɗo. Daga nan sai ka mayar wa jakar sunanta, ka riƙa kunna ƙarin manhajojin ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Sau da yawa tushen matsalar tsohon PHP ne, wato harshen da aka rubuta WordPress da shi.

In kuwa 404 kake gani, wato saƙon ba a sami shafi ba, shiga Réglages (saituna) a cikin WordPress, sannan Permaliens (adireshin shafuka), tunda yawancinmu da Faransanci muke aiki, ka danna ajiyewa kawai.

An yi gardama kan manhajar sata da ake rabawa kyauta. Ni dai ba zan ɗora wa mai shago ita ba.