In ɗan bindiga ya tuba, benci ɗaya za mu zauna da shi?

Bitrus: Salama gare ku. Baba Fasto, da ku nake, kuma a nan zaurenmu na waya, a gaban jama'a, zan faɗa don kada a ce na yi da ku a bayan ido. Jiya na fita daga sujada tun ba a tashi ba. Abin da ya fitar da ni shi ne da kuka ce ko ɗan bindigar da ya yanka mutane a daji, in ya tuba da gaske, za ku yi masa baftisma ya ci jibin Ubangiji tare da mu, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci, wai fansar da aka yi a kan gicciye ta ishe shi. Ni ban yarda ba. Akwai muguntar da in mutum ya kai gare ta, ya fita daga sahun mutane. Waɗanda suka shiga makarantar Birnin Yauri a watan Yunin 2021 suka kora yara daji kamar awaki, har wasu 'yan matan sai a 2023 suka ga gida, su ne za a miƙa wa ƙoƙo ɗaya da ni?

Ishaku: Ka faɗi abin da ke bakin mutane da yawa. Tuban muzuru ne, kaza a baki. Mun ga irinsa a maƙwabta. A 2019 gwamnatin Zamfara ta yi sulhu da su, aka yi ta ɗaukar hoto ana miƙa bindigogi. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan matan Jangebe. Kafin shekarar ta ƙare gwamnan da ya kawo sulhun da kansa ya ce ya daina, har aka rufe layukan waya.

Ladi: Yaya Bitrus, inda na rabu da kai shi ne "ya fita daga sahun mutane". Da ma a ce aljanu ne, da hankalina ya fi kwanciya. A 1961 wani malamin jami'ar Yale a Amurka, Stanley Milgram, ya tara mutanen gari, ya ce su riƙa danna wa wani wutar lantarki duk sa'ad da ya kasa amsa tambaya. Wutar ta ƙarya ce, amma su ba su sani ba, suna jin ihunsa ta bango. Cikin mutum 40, 26 sun danna har maɓallin ƙarshe, don kawai wani mai rigar aiki yana tsaye yana cewa su ci gaba.

Ishaku: Ladi, bokon nan naki. Danna maɓalli a ɗaki daban, sa wa tsoho wuƙa a wuya daban.

Ladi: To bar Amurka. Ruwanda fa? A 1994, cikin kwana 100, an kashe mutum wajen 800,000, galibi da adda, a ƙasar da yawancin mutanenta masu zuwa coci ne. A Nyamata cikin ginin cocin aka karkashe waɗanda suka gudu can neman mafaka. Masu riƙe da addunan nan an yi musu baftisma, sun san waƙoƙin sujada kamar yadda ka san su.

Baba Fasto: Bitrus ɗana, na ga fitarka, ban kuwa ji haushi ba. Amma ku bambanta abu biyu. Ban ce gwamnati ta saki kowa ba. Romawa sura 13 ta ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Ɓarawon da ya tuba a gefen Yesu ya faɗa da bakinsa cewa hukuncin da ake yi musu daidai ne, aka yi masa alkawarin Firdausi, amma ba a sauke shi daga gicciyen ba, a nan ya mutu. Abin da na ce shi ne ba ni da ikon rufe ƙofar da ba ni na buɗe ta ba. Ku karanta labarin Manassa, sarkin Yahuza. Littafin Sarakuna na Biyu ya ce ya cika Urushalima da jinin marasa laifi, har ɗansa ya miƙa wa wuta. Tarihi na Biyu sura 33 ta ce da aka kai shi Babila a ɗaure, ya ƙasƙantar da kansa, Allah ya ji shi. Ni ma ayar ba ta yi mini daɗi. Tana nan dai, ban isa in yage ta ba.

Mama Rahila: Baba, tun ɗazu nake karantawa, bari in sa baki. Kalmar nan "fansa" da kuke ta faɗa, ni yanzu in na ji ta a waƙa sai cikina ya juya. Bara aka ɗauke ƙanen maigidana a hanyar gona. Muka sayar da shanun huɗa biyu da dawar da muka yi niyyar ci har damina, 'yan'uwa suka yi karo-karo. Da dare muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida muna ƙirga kuɗin da tocila, muna ɗaure su da roba, har da tsofaffin 'yan ɗari biyu da zumuntar mata suka tara. Aka kai, suka ce sai an ƙara katin waya da babur. Ya dawo ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi, sawun igiya a wuyan hannunsa har yau bai ɓace ba. In aka ba shi tuwo sai ya gutsura rabi ya ɓoye a aljihu. Wannan ita ce fansar da na sani. To in Yesu ya ba da ransa fansa, wa ya karɓa? Wa ke riƙe da wayar a can ɗaya gefen yana cewa a ƙaro?

Baba Fasto: Mama, tambayar nan taki ta girme mu duka. Markus 10:45 ta ce Ɗan Mutum ya zo ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa, amma ba ta ce ga wanda aka biya ba. Wasu malaman farko, irin su Orijin na Iskandariya a ƙarni na 3, sun ce Shaiɗan aka biya. Wajen shekara ta 1098 Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya ce sam, ɓarawo ba shi da hakki a kan abin da ya sata balle a biya shi. Ni a nan nake. In kina son gane kalmar, daina kallon wanda ya karɓi kuɗinku, ki kalli tabarmar nan taku. Littafin Firistoci sura 25 ta ce in talauci ya sa mutum ya sayar da kansa ga baƙo, ɗan'uwansa, ko kawunsa, ko wani na jininsa yana da ikon fansarsa. Mai fansa dangi ne da ya yarda asarar ta faɗa a kansa. Ku kuka ci kwaki damina guda don wani ya dawo gida.

Mama Rahila: Mun yi don namu ne, Baba. Ba zan sayar da ko kaza don wanda ya ɗaure shi ba.

Baba Fasto: Ni ma ban tabbata zan iya ba. A nan ne bishara take da nauyi. Romawa 5 ta ce tun muna maƙiya aka sulhunta mu.

Malam Sani: Ku yi haƙuri in tsoma baki, ko da yake ba cocinku nake zuwa ba, amma makaranta ɗaya muka yi da yawancinku, kuma ɗan wana ma an taɓa ɗauke shi. Mu a wurinmu ba mu ce wani ya ɗauki zunubin wani ba, a nan mun rabu da Baba Fasto, ya sani. Amma ƙofar tuba mu ma ba mu rufe ta. Akwai hadisi a Buhari da Muslim na mutumin da ya kashe rai 99, ya tambayi wani mai ibada ko yana da tuba, ya ce masa babu, sai ya cika 100 da shi. Daga baya wani malami ya ce masa akwai, amma ya bar garinsa na mugunta ya koma cikin mutanen kirki. A hanya ya mutu, aka gafarta masa. Sai dai malamanmu suna raba hakkin Allah da hakkin bayi. Jinin da ka zubar yana da masu shi, su ke da zaɓin ƙisasi ko diyya ko afuwa. Gwamna ba shi da ikon yafe jinin da ba na gidansu ba, kuma ina ganin abin da ya kashe sulhun Zamfara ke nan, ba a tambayi zawarawa ba.

Ladi: Kun lura Hausa kalma ɗaya ta ba mu? Kuɗin fansa, ɗaukar fansa, Mai Fansa.

Ishaku: Ni ta tsakiyar nake so, ban ɓoye ba.

Baba Fasto: Malam, maganarka ta ƙarshe ina tare da kai. Zakka, mai karɓar harajin nan na cikin Linjila, da ya tuba bai tsaya ga hawaye ba, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. In mutum ya zo mini daga daji, kafin a yi maganar ruwan baftisma sai ya faɗi inda shanun suke, inda aka binne mutane, ya kuma miƙa kansa ga hukuma. Ladi, kotunan gacaca na Ruwanda, wato kotunan ƙauye da suka yi shari'ar kisan nan, ma ai haka suka yi kafin a rufe su a 2012, ana sassauta wa wanda ya tsaya a gaban mutanen ƙauyensa ya faɗi abin da ya yi da inda gawa take. Ishaku, muzuru ba ya ajiye kazar. Da haka ake gane shi.

Mama Rahila: Akwai abin da ƙanen maigidana ya gaya mana da har yau na kasa ajiye shi a wuri ɗaya. Mai gadinsu yaro ne, bai fi shekara 14 ba, bindigar ma ta kusa kai tsawonsa. In manyan suna nan, shi ya fi kowa dukansu da bulala. In sun tafi, sai ya kawo musu ruwa a ɓoye, ya sassauta igiya, har ya tambaye shi wai da gaske ne a makaranta ana ba kowa littafinsa. Wanne daga ciki zan yi wa addu'a, wanne zan la'anta?

Bitrus: Tunda an zo nan, bari in faɗi nawa. Kun san na yi sa-kai. Bayan kwanton ɓaunar da aka yi wa 'yan sa-kai a wajen Sakaba a watan Maris na 2022, aka kashe fiye da 60, idonmu ya rufe. Wata ranar kasuwa mutanenmu suka kama wani saurayi Bafulatani ya zo sayen gishiri da batir. Wani ya ce ɗan leƙen asiri ne. Ba wanda ya tambayi shaida. Ni ban taɓa shi ba, babura aka bar ni in tsare a bakin hanya. Amma ina jin muryarsa daga cikin rafin yana kiran innarsa. Da suka dawo, ɗaya ya miƙo mini ledar gishirin ya ce in kai gida. Na kai.

Ishaku: Bitrus, goge wannan. Yaƙi ne, kuma su suka fara. Kada ka haɗa kanka da su.

Bitrus: Ba zan goge ba. Ban kuma ce ni da su ɗaya ba ne, har yanzu ban yarda da maganar Baba ba. Amma tun daga ranar, sau nawa aka miƙo mini ƙoƙon na karɓa, ba wanda ya fita daga sujada saboda ni.

Ladi: Yaya, ban san abin da zan ce ba. Shawulu ne ya faɗo mini a rai, wato Manzo Bulus kafin ya tuba, wanda aka ajiye riguna a ƙafafunsa ranar da aka jajjefe Istifanas.

Bitrus: Kada ki mai da ni Bulus, Ladi. Shi ya ga haske a hanyar Dimashƙu. Ni ba abin da na gani, barci ne kawai ba na samu.

Baba Fasto: Ɗana, wannan ba maganar da za a ƙarasa a waya ba ce. Ka same ni a gida ranar Alhamis da yamma. Kuma abin da na ce zan nema daga na daji, shi zan nema daga gare ka, kada ka zo da tunanin zan shafa maka kai kawai. Saurayin nan yana da uwa. Ka san rugarsu?

Bitrus: Sun tashi tun a shekarar. An ce sun yi wajen Neja.

Malam Sani: Akwai wani arɗo da muke salla tare in ya shigo Zuru ranar kasuwa. In Bitrus ya amince, zan tambaye shi a hankali ba tare da na kama suna ba. Amma ku sani, in aka samo su, ba lallai su ce sun yafe ba, kuma hakkinsu ne.

Ishaku: Ku dai kuna neman jawo wa yaron nan bala'i. In suka zo ɗaukar fansa, wa zai tsaya masa? Ni na fita daga wannan magana.

Mama Rahila: Baba, ni ban canza ba. Ranar da kuka kawo ɗan daji teburin nan, zan tashi in koma bencin baya, kada ku aiko dattawa su ba ni haƙuri. Bitrus, in ka tashi daga wurin Baba ranar Alhamis ka biyo ta gidanmu. Ƙanen maigidana ma ba ya barci, a waje yake kwana a kan benci, ko hira kwa yi.