Ganyen fulawar da na saƙa ya ƙi tsayawa, a taimaka

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa masu saƙa, ina yin fulawar ado ta falo da kwarashi, irin mai faɗin ganyen nan, amma duk ganyen lanƙwashewa suke yi suna kwanciya a bakin tukunya. An ce waya ake sawa, to wace iri kuma ta ina ake shigar da ita?

Ummu Sadiq:
Wa'alaikissalam. Ba bayan an gama saƙar ake cusa ta ba, in kin zo layin ƙarshe na gefen ganyen sai ki ɗora wayar ki dinga saƙa a kanta har ki zagayo, zaren ya rufe ta gaba ɗaya, ragowar bakunan wayar biyun ki murɗe su tare su zama kara ki naɗe da koren zare da ɗan gam. Bakin wayar kuma ki lanƙwasa da filaya, in ba haka ba zai huda ya fito ya soki yara.

Anti Bilki:
Wayar wuta ta 1.5mm mai roba nake siya wajen masu kayan lantarki, jan ƙarfe ne ba ya tsatsa. Kuma wallahi zaren auduga ya fi ulu riƙe siffa, ki sa ƙaramin kwarashi kamar 2.5mm saƙar ta matse.

Maman Ilham:
Na gode Anti, tukunyar fa? Faɗuwa take yi.

Anti Bilki:
Ki cika ƙasan da tsakuwa ƙanwata, ki soka karan, ki rufe saman da saƙa ruwan ƙasa. Lokacin hunturu buroshi kawai za ki sa ki kaɗe ƙura, kar ki wanke.