Taƙaitawa: shawarwarin zuwa tafkunan Banff a Kanada

Ga abin da 'yan uwa suka faɗa kan lokacin da ya fi dacewa a ziyarci tafkunan gandun dajin Banff da abin da ya kamata a kiyaye, na tattara shi wuri ɗaya.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A je tsakanin ƙarshen Yuni da Satumba. Sau da yawa har zuwa farkon Yuni ƙanƙarar tafkin Louise da na Moraine ba ta gama narkewa ba. Launin nan mai shuɗi-kore daga garin dutse yake, wanda daskararriyar ƙanƙarar tsauni ke niƙawa, ruwa ya kwaso shi zuwa tafki. Sai zafi ya shigo launin ke fitowa sosai.

2. Tun 2023 an hana motocin gida hawa hanyar Moraine. A yi rajistar bas ta hukumar Parks Canada da wuri, kujeru na saurin ƙarewa.

3. A ba dabbar beyar tazarar mita 100, a riƙe feshin korarta a kusa da hannu, kada a cusa shi cikin jaka.

4. Kada a taka ƙanƙarar Athabasca, wato daskararriyar ƙanƙarar tsauni da ke gandun dajin Jasper mai maƙwabtaka da Banff, babu ɗan jagora. Akwai tsaga masu zurfi da dusar ƙanƙara ke rufewa, kuma an sha rasa rayuka a nan. Wannan kam babu wasa a ciki.

Inda aka rabu: wasu sun fi son Yuli saboda launin ruwa, wasu ƙarshen Satumba, lokacin da itatuwan larch ke komawa ruwan ɗorawa, ko da yake sanyi ya tsananta.