Motata ta durƙusa sau uku cikin wata biyu: in sayar ko in ci gaba da gyara?

Ɗan Canji Agege: Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 12 ina canji a Legas, duk tsawon lokacin nan tsohuwar Corolla nake ja. Bara a ɗaurin auren ƙanena a Idi-Araba aka ce in matsar da ita manyan baƙi su samu wurin ajiye nasu, har wani yaro da ni na koya masa ƙirga dala ya yi dariya. Abin ya tsaya mini a rai. Da ƙaramar Sallah na sayi babbar mota ƙirar Jamus, tokumbo, 'yar 2014. Wallahi in na hau gadar Third Mainland da asuba, kusan kilomita 12 ɗin nan kamar a kan katifa nake, ko hon ɗin danfo ba na ji. Amma yanzu sai in wayi gari in tarar bayanta ya durƙusa kamar raƙumi. Sau uku ke nan. Bakanike ya canza jakar iska, wato jakar da ke ɗauke da nauyin motar a wajen taya a maimakon sifirin, ta sake durƙusawa. Barci ya gagare ni.

Alhajin Mile 12: Yaro, sayar da ita tun tana tashi. Motar da ke tsaye a kan iska ba ta ramukan Agege ba ce. Ka nemi Lexus, 'yar gidan Toyota ce, kayanta na zube a Ladipo, ko a Jega ta tsaya maka za ka samu mai gyara. Ni na ga jiya na ga yau a harkar mota.

Baban Hanifa: Alhaji ku yi haƙuri, sayarwa da matsala asara biyu ce. Ɗan'uwa, ɗaya ya canza ko biyu? Tare ake canza su. In iska na zurarewa, kwamfireso, injin da ke hura musu iska, ba ya hutawa har sai ya ƙone. Ka kai ta inda ake jona mata kwamfuta. Kuma ka taɓa shiga ruwa da ita?

Maman Ummi: Hmm. Tamu wata bakwai tana gareji, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Kuɗin makarantar yara maigida ya zuba wai kaya na zuwa daga Dubai. Ni da Keke nake zuwa awo.

Ɗan Canji Agege: Alhaji ranku ya daɗe, ban saye ta don burga ba. Sana'armu mutane na duba abin da ka hau kafin su ba ka amanar kuɗinsu. Kuma bakaniken nan ɗan garinmu ne, shekara 9 yana duba mini Corolla, ba zan iya kai ta wani wuri ya ji labari ba.

Alhajin Mile 12: To ai ka faɗi ciwon da bakinka! Mai gyaran Corolla ka ba wa motar Jamus. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nawa kake zuba mata a cunkoson Oshodi? Na ce ka sayar.

Baban Hanifa: Ba ka amsa maganar ruwan ba.

Ɗan Canji Agege: Sau ɗaya ne a Lekki da damina, kuma bai wuce rabin taya ba. Ba na jin shi ne.

Na Obalende: Nawa za ka bar ta a yadda take?