Taƙaitawar muhawararmu kan makamin Javelin

Jama'a, ga abin da na tattaro:

1. An yarda cewa Javelin na Amurka kan gane tankar yaƙi ta zafin jikinta. Soja ya harba, ya bar wurin nan take, makamin ya bi ta da kansa.

2. Yakan tashi sama ya faɗo kan rufin tanka, inda ƙarfe bai da kauri. Yana cin kusan kilomita 2.5. Galibi sojoji biyu ke ɗauke da shi, don nauyinsa ya haura kilo 20.

3. TOW kuwa, wani makamin harbin tanka na Amurka, dole mai harbi ya ci gaba da saiti har ya sauka. Nan hatsarin yake.

4. Inda aka rabu: yaƙin Rasha da Yukren a 2022. Wasu sun ce zamanin tanka ya ƙare saboda makamai irin su Javelin, wasu suka ce an lalata tankokin Rasha ne don sun tafi ba rakiyar sojojin ƙasa. Ni na fi karkata ga na biyun.