Muhawara: Shin Na'urar Gano Gobara Tana Ceton Tsohuwar Gadar Katako?

Injiniya: Assalamu alaikum. Zan kawo wata magana da na san ba kowa zai yarda da ita ba. A ganina, kuɗin da ake zubawa wajen sanya na'urorin gano gobara a tsofaffin gadojin katako masu rufi, irin na Amurka da Suwizalan da Sin, yawancinsa asara ne. Hujjata ita ce gadar Cedar da ke gundumar Madison a jihar Iowa ta Amurka. An gina ta a 1883, wani ya cinna mata wuta a Satumban 2002, aka sake gina ta a 2004, sannan masana daga Jami'ar Jihar Iowa suka gwada tsarin sa ido daga nesa a kanta, da kyamara mai ganin zafi da na'urar hango harshen wuta. A Afrilun 2017 aka sake ƙona ta. Ƙararrawa a irin wannan wuri ihu ne bayan hari. Abin da ke ceton gada shi ne bututun yayyafa ruwa, kuma can ya kamata kuɗin su tafi.

Baba Ɗan Kwana-kwana: Wa alaikumus salam. Injiniya, kafin mu kai ga hukunci, bari in faɗi yadda katako ke ci, domin shekarun da na yi ina riƙe da mesa sun koya mini wannan. Ginshiƙi mai kauri ba ya saurin miƙa wuya. Bayansa ne ke zama gawayi, gawayin kuma ya kare cikinsa, har wutar takan ci ƙasa da milimita ɗaya a minti. Na sha kankare ginshiƙin da ya yi baƙi ƙirin da wuƙa bayan mun kashe gobara, in tarar da farin itace lafiyayye a ƙasan ɓawon. Masu saurin kamawa su ne siraran falankan bango da rufin sama. Ita kuwa gada mai rufi kamar bututun hayaƙi take da aka kwantar, iska ta shiga ta wannan baki ta tura wutar zuwa wancan. Saboda haka akwai ɗan lokaci tsakanin kamawar bango da faɗuwar ginshiƙai, kuma wannan lokacin ne ƙararrawa take ba mu. Wanda ya ce ba ta da amfani bai taɓa isa wuri a makare da minti goma ba.

Malama: Injiniya, misalin Cedar bai ɗauki nauyin da ka ɗora masa ba, domin gwada na'ura daban, kula da ita shekara da shekaru daban. Amma ni damuwata tana kan ruwan da kake yabo. Dalilin yi wa waɗannan gadoji rufi tun asali shi ne a hana ruwa taɓa ginshiƙansu, domin gadar katako da aka bari a fili takan ruɓe cikin shekara goma zuwa ashirin, mai rufi kuwa ta haura ɗari. Idan aka huda ginshiƙan da suka ga ƙarni biyu don rataye bututu, sannan wata mahaɗa ta riƙa ɗiga a ɓoye ba wanda ya lura, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ku dubi gadar Kapellbrücke ta birnin Luzern a Suwizalan, wadda take kan kogin Reuss tun ƙarni na 14. Ta kama da wuta a daren 17 wayewar 18 ga Agusta 1993, kuma mafi yawanta ya ƙone. An sake buɗe ta a 14 ga Afrilu 1994, wato ƙasa da wata takwas, a kan kuɗi faran miliyan 3.4 na Suwizalan. Amma zane-zanen ƙarni na 17 masu kusurwa uku da ke rataye a ƙarƙashin rufinta fa? Guda 147 ne kafin gobarar, aka tsinto ragowar 47, aka iya gyara 30 kacal. Fentin da ke kan allo ba ya jiran ginshiƙi ya faɗi, zafi da hayaƙi kaɗai sun ishe shi, feshin ruwa mai ƙarfi ma ba abokinsa ba ne.

Injiniya: Malama, ba a ajiye ruwa a cikin bututun irin waɗannan gadoji, ko don sanyin hunturu da zai daskarar da shi ya fasa ƙarfen. Iska ce ake matsawa a ciki. Sai zafi ya buɗe kan feshi, wanda galibi yake buɗewa a maki 68 na ma'aunin Salshiyas, iskar ta fita, sannan ruwa ya biyo baya. Ɗigar da kike tsoro ba ta da yawa a wannan tsari. Game da Luzern kuwa, hujjarki tawa ce: da akwai ruwa a minti na farko, da an yi asarar allo biyar, a tsira da sauran.

Ɗalibi: Baba, Malama, ina neman ƙarin haske. Na karanta cewa ana shafa wa katako wani sinadari mai rage kamun wuta. Shin wannan bai raba gardamar ba, tunda ba huda ba ruwa?

Baba Ɗan Kwana-kwana: Ɗana, yana taimakawa a kan guntun sigari da ƙaramar wuta, amma rana da ruwan sama suna cinye shi, dole a riƙa sabuntawa, kuma wanda ya zo da galan ɗin fetur cikin dare ya fi ƙarfinsa.

Injiniya, ga inda lissafinka ya bar giɓi. Tsarin da ka bayyana yana bukatar ruwan famfo mai ƙarfi ko tanki da injin tura ruwa. Da yawa daga cikin gadojin nan a ƙauye suke, ba layin famfo, wasu ko wutar lantarki babu. Abin da ake iya yi a can shi ne a shimfiɗa busasshen bututu mai baki a wajen gada, motar kwana-kwana ta zo ta haɗa, ta zuƙo ruwa daga kogin. To, wa zai kira motar da ƙarfe biyu na dare? Bututunka yana jiran ƙararrawar da ka raina. Inda zan ba ka gaskiya shi ne na'urar gano hayaƙi irin ta ofis, wadda ƙura da hayaƙin mota da saƙar gizo-gizo ke sa ta kururuwar ƙarya har mutane su daina fitowa. Shi ya sa aka fi son wayar gano zafi da ake bi da ita jikin ginshiƙai: wayoyi biyu ne da roba ta raba, zafi ya narkar da robar su haɗu, saƙo ya tafi.

Injiniya: Baba, na karɓi wannan gyara a kan gadar da ba ta da ruwan kanta. Amma ban janye ba a kan wadda motar za ta yi rabin awa kafin ta iso. Gadar Wan'an da ke gundumar Pingnan a lardin Fujian na ƙasar Sin, mai tsawon mita 98, ta ƙone a daren 6 ga Agusta 2022, alhali a gefen gari take, ba a tsakiyar daji ba. Idan kuɗin bai isa abu biyu ba, ni tanki da injin zan saya.

Malama: Akwai kuma wadda ba ƙararrawa ba bututu da zai tsayar, kamar gadar Honey Run ta jihar Kalifoniya a Amurka da wutar daji ta cinye a Nuwamban 2018, a ranar da ma'aikatan kashe gobara ke fama da ceton rayuka a garin Paradise. Don haka ni, kafin tanki, zan biya wanda zai auna kowane ginshiƙi da kowace mahaɗa ya zana su a takarda, a ajiye nesa da gadar. Injiniya, a tankin nan naka, wa zai riƙa tayar da injin duk wata don a tabbata yana aiki, kuma daga aljihun wa?